Ƙararrawar da Amurkawa Suka Gyara

Cyril Catchpole ya yi shekara tamanin da ɗaya a ƙauyenmu Saxley, kuma in an cire biyar na farko, sauran duk ya yi su ne yana jin haushin Amurkawa. Kowa a garin ya san haka, ban da Amurkawan. In ya gamu da su a hanya, hula yake ɗagawa ya ce musu yau garin da sanyi.

Yana ɗan shekara biyar, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka zo aka ce mutanen unguwar tudu su tashi, za a yi wa sojan Amurka filin jirgin sama. Aka ce aro ne, da an gama yaƙi kowa zai koma ɗakinsa. Uwarsa ta yarda har ta bar labule a tagogi, ta kulle ƙofa ta taho da mabuɗi. An gama wannan yaƙin, an yi wani, an yi wasu, mabuɗin yana nan rataye a kicin ɗin Cyril, gidan kuwa tuni titin tashin jirage ya bi ta kansa. Abin da ya tsira a bayan wayar shingen shi ne tsohon cocin garin da maƙabartarsa da ƙararrawa ɗaya a hasumiya. Sau ɗaya a shekara, bayan girbin alkama, ake buɗe wa 'yan garin ƙofa su shiga na awa biyu, da takarda a hannu da soja a bayansu.

Ubansa ne mai kaɗa ƙararrawar, kuma a cikin waɗannan awa biyun na shekara shekara ya koya masa jan igiyarta. Ya koya masa har da bugun mutuwa: tara in namiji ne, shida in mace ce, a ɗan saurara, sannan a buga ɗaya ɗaya daidai da shekarun mamacin. A da, mai noma a gona zai dakata ya ƙirga, kafin a gama ya san wa aka rasa. Tun da shinge ya raba garin da cocinsa ba a sake yi wa kowa ba, amma Cyril ya riƙe abin a kansa.

Aikin raba wasiƙu ya yi, shekara talatin da takwas a kan keke, kuma rabin zagayensa gidajen hayar sojan ne. A nan ya tara musu laifuka. Motocinsu sun fi ƙarfin lungunanmu, sau biyu suna jefa shi cikin kwata. Suna magana kamar wanda suke yi wa maganar yana ƙetaren kogi. Yaron da ko gemu bai fara ba zai dafa masa kafaɗa ya kira shi Cyril, kai ka ce tare suka yi makaranta. Sai murmushin nan nasu da ba ya ƙarewa, haƙora jere farare tas, wanda shi ya fi komai ƙona masa rai, don ya ce mutumin da ya zauna a kan gidan uwarka bai kamata ya yi ta washe maka baki ba.

Gwamnatinsu kuwa ba a magana. A mashayar garin yakan ce shi ba ya bukatar jarida, duk sanda suka tsokano faɗa a wata ƙasar, kofunan shayin da ke kan kantarsa ne ke fara gaya masa, don jirage kan yini suna tashi har bango na rawa. Yakan ce su ne masu kunna wuta a duniya, mu ne masu riƙe musu ashana, mu kuma yi godiya. Namu shugabannin ma bai ƙyale su ba, ya ce da an kira su daga can sai su miƙe tsaye su amsa waya. Da 'yarsa tilo Gillian ta auri wani makanikin jirgi ta bi shi jiharsu Nebraska, can Amurka, sai ya ce to, sun ɗauki gida, sun ɗauki coci, yanzu sun haɗa da yarinya.

Matarsa Noreen ce kaɗai ke taka masa birki. Ita ma 'yar unguwar tudu ce, a cocin nan aka yi mata baftisma tana jaririya. Takan ce yaran sojan nan ba su da laifi, turo su aka yi, gwamnatinsu ce fitinanniya.

"To wa ya zaɓe ta?" in ji Cyril. "Ni ne?"

"Sha shayinka, tsohon rigima. Jiya wa na gani yana nuna wa ɗayansu hanyar tasha, har da rakiya?"

"Don ya bar garin ne."

Haka suka yi shekara hamsin da shida, yana mita tana dariya. Kuma tun ƙafarta na ɗaukarta take faɗa masa, wani lokaci da wasa wani lokaci ba wasa, cewa ita ba ta son furanni ba ta son dogon jawabi, abu ɗaya take so: ran da ta mutu ya buga mata ƙararrawar tudu, shida da shekarunta, da hannunsa, yadda garin zai ji. Ya yi mata alkawari, kuma Cyril ba ya wasa da alkawari.

Ranar shiga ta bara, sai ga sabon jami'in da aka ɗora wa hulɗa da mutanen gari, wani Manjo Hollis, dogo, mai fara'a, da ɗan littafi a aljihun gaba. Ya tsaya a ƙasan hasumiya yana kallon Cyril na jan igiya, idonsa har da ƙwalla, ya ce bai taɓa ganin abu mai tarihi irin wannan ba. Da aka gama ya tambaye shi yaya aikin yake.

A Saxley, in an tambaye ka yaya abu yake, ƙorafi kake yi. Da shi ake gaisawa. Ka ce ruwa ya yi yawa, a ce maka ai bara ya fi, kowa ya gyaɗa kai a rabu lafiya, ba wanda ke jiran a gyara komai. Don haka Cyril ya murza kafaɗa ya ce igiyar nan kullum nauyi take ƙarawa, katakon sama kuma ya soma ruɓewa, wata rana ƙararrawar za ta faɗo ta huce a kansa. Noreen ta yi dariya, don shekara arba'in ke nan tana jin wannan maganar. Manjo Hollis bai yi dariya ba. Ya zaro littafinsa ya rubuta.

Noreen ta rasu a farkon bazara, tana da shekara saba'in da tara. Gillian ta bugo waya tana kuka, ta ce ba za ta samu isowa ba sai bayan mako biyu. Cyril ya zauna ya rubuta wa sansanin sojan wasiƙa, karo na farko a rayuwarsa da ya roƙi Ba'amurke wani abu, kuma sai da ya yaga takarda uku kafin ya samu wadda ba zagi a ciki ba kuma durƙuso. Ya zaci za su hana, har ya tanadi abin da zai faɗa a mashaya. Kwana biyu sai ga amsa: an ba shi awa ɗaya ranar Alhamis da hantsi, an kuma dakatar da tashin jirage a wannan awar don girmamawa. Wannan ma ya ba shi haushi, amma ya goge takalmansa.

Ranar Alhamis tsofaffin garin, su goma sha wani abu, suka taru a bakin shinge da kujerun naɗewa don su ƙirga. Mavis, ƙanwar Noreen, ce a gaba da bargo a cinya. Manjo Hollis da kansa ya ɗauki Cyril a mota daga ƙofa. Ya yi masa ta'aziyya har zuciya, sannan ya ce akwai abin da ya so ya ɓoye masa sai ranar girbi, amma tunda abin ya zo haka, gara ya gani yau.

Tun daga nesa Cyril ya hango ta. Ƙararrawar tana zaune a ƙasa a gaban cocin, a kan wani dakalin siminti, an goge ta tana ƙyalli kamar sabuwar tukunya, an kewaye ta da furanni. An kafa allon tagulla a gefe, mai godiya ga mutanen Saxley saboda abokantaka. Manjon yana tafe yana bayani, murya cike da jin daɗi: yaransa ne suka yi karo-karo, suka ba da ranakun hutunsu, injiniya ya duba katakon ya ce gaskiyar Cyril ce, don haka aka sauko da ita kada ta kashe wani. A hasumiyar an sa lasifika huɗu masu fitar da amon ƙararrawa da aka naɗa a na'ura. Ya buɗe wani ɗan akwati a jikin bango ya nuna masa maɓalli.

"Ba sauran ciwon kafaɗa, Cyril," in ji shi. "Dannawa kawai za ka yi. Har garin gaba ana ji."

Cyril ya leƙa cikin hasumiyar. Ramin da igiyar ke saukowa ta ciki an toshe shi an shafe da farin fenti. Nan ya tuna littafin aljihu, ya tuna bakinsa ne ya jawo. Da hana shi suka yi, da ya san abin yi da fushinsa. Amma ga mutum tsaye yana jiran a yaba masa, ga sojoji shida sun jeru cikin kakin fita saboda Noreen.

Bai taɓa maɓallin ba. Ya tako zuwa dakalin, ya cire hula, ya juya sandarsa mai kan tagulla ya bugi ƙararrawar. Ƙararrawar da ke zaune a kan siminti ba ta amo. Ƙwas kawai ta ce, kamar an ƙwanƙwasa bokiti, ƙarar ko bakin maƙabarta ba ta kai ba. Ya buga shida, ya saurara yadda ubansa ya koya masa, sannan ya fara shekarun. Sojojin suka ƙame suka sara. Wajen na arba'in hannun damansa ya gaji, ya koma hagu. Bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma yi sauri ba, har saba'in da tara.

Da ya gama, Manjo Hollis ya share ido ya ce wannan al'ada ce mai kyau ƙwarai, da ya sani da ya sa an ɗauka a bidiyo. Sannan ya zaro littafinsa ya tambaya ko akwai wani abu kuma da za su gyara musu a wurin, komai ƙanƙantarsa.

Cyril ya dubi maƙabartar. Dutsen kabarin uwarsa ya karkace tun yana saurayi, gansakuka ta cinye rabin sunan ubansa, tsohuwar bishiyar bakin ƙofa ta tsage biyu tana neman faɗuwa. Duk shekara sai ya yi mita a kansu.

"Babu, ranka ya daɗe," ya ce. "Komai daidai yake. Na gode."

A bakin shinge ya tarar da su zaune yadda ya bar su, har shayin gorarsu ya huce. Mavis ta ɗago ta ce sun kasa kunne awa guda cur, ba su taɓa jin garin shiru haka ba, amma ba su ji ƙararrawa ba. Ta tambaye shi ko 'yan banzan sun hana shi ne.

"Ba su hana ba," in ji Cyril. "Taimako suka yi."

Ya karɓi kujerarta ya naɗe mata. Ba su kai kwanar mashaya ba jirgin farko ya tashi a bayansu.