Karan da Akuya Ta Cinye a Hanyar Matameye

Asubar fari muka tashi daga Icirnawa, ni da kawuna da ragowar shanunsa a bayan wata tsohuwar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Damina ta yi mana rowa, ciyawa ta ƙare, kawu ya ce gara ya kai su kasuwar bakin iyaka tun suna iya tsayawa da ƙafafunsu. Ni rakiya kawai na je, don ban san komai ba a harkar shanu, balle ta mota.

Gab da Kance muka ji wani huci daga ƙarƙashin motar, ta yi turjiya ta tsaya cak. Direba ya leƙa ya ce birki ya lalace. Nan kaina ya fara ɗaurewa, don a sanina motar da birkinta ya lalace gudu take yi, ba tsayawa ba. Ya ce babbar mota da iska take aiki. Akwai wata tukunyar ƙarfe kusa da taya, suna ce mata huhun birki, in robar cikinta ta fashe iska ta zube, sai birkin ya damƙe tayar. Na ce to a ciro tsohuwar in je Matameye in sayo irinta.

"Malam, waya ce murɗaɗɗiya a ciki," in ji shi. "In ta kufce sai ta cire wa mutum haƙora. Ba na taɓa ta sai sabuwa ta zo."

Sai ya karyo karan dawa daidai tsawon sandar da ke fitowa daga tukunyar, ya ce wannan ne awona.

Na shiga wata akori-kura cike da mutane da awaki. Gonaki duk sun yi fari fat, mata na tafe a gefen hanya da tulunan da ba komai ciki. A bariyar sojoji, wato shingen bincike, aka ce kowa ya sauko da takardunsa, na ajiye karan a kan buhu. Da na hau, wata ramammiyar akuya tana tauna ƙarshensa tana kallona. Ban ma iya jin haushinta ba.

A Matameye na sami shagon wani Alhaji mai kayan manyan motoci. Ya ajiye mini tukwane biyu, ni dai a idona tagwaye ne. Ya ce ɗaya mai dogon turi ce, wato sandarta ta fi fitowa da nisa, ɗaya mai gajere, in aka sa wadda ba ta dace da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen ba, mota za ta riƙa fizga gefe guda.

"Wacce ce taku?"

Na buɗa tafin hannuwana ina gwada tsawon da na tuna, na ƙara, na rage. Na fita na sha kunu mai ruwa-ruwa da tsadar tsiya, na dawo na sake gwadawa. Sai bayan azahar Alhajin ya gaji da ni, ya ce in tafi da duka biyun in maido wadda ta rage. Me ya hana ya faɗa tun da safe, me kuma ya hana ni tambaya, har yau ban sani ba.

A bariya wani soja ya juya tukwanen ya tambaye ni mene ne. Na ce huhu ne. Ya daɗe yana dubana kafin ya ce in wuce.

La'asar sakaliya na iso. Direba ya duba sau ɗaya ya ɗauki mai gajeren turi, kafin in gama alwala ya kusa gama ɗaurawa. Kawu yana zaune a gindin wani gawo da igiya a hannu. Jar saniyarsa, uwar garken, ta kwanta tun rana tsaka ta kasa tashi, sun yanka ta a bakin hanya, mutanen ƙauye sun raba naman.

Washegari muka sayar da sauran muka komo gida. Abin da na koya shi ne in ban gane ba in faɗa da wuri, don dabba mai yunwa ba ta jiran mutum ya gama tunani. Kawu bai taɓa tambayata abin da ya tsayar da ni ba, kuma wannan shirun ya fi mini zafi da a ce ya zage ni.