Ledar Magani a Cikin Wuta

A shekarun da na yi ina aikin nas a ɓangaren masu taɓin hankali a Kafanchan, ba ihu ne ya fi cin raina ba, ba kuma zagi ba. Waɗannan an saba da su. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya zo da ciwo biyu, kowa ya zaɓi ɗaya ya ce shi kaɗai ya gani. A wani ɗakin asibiti a ce, "Wannan ai ƙwaya ce, ya daina sha tukun." A gida a ce aljanu ne. Mu da ke tsakiya kuma a kira mu sistocin mahaukata.

Akwai wata mata da ba na mantawa. Mai yankan citta ce, irin matan nan da ke zama da wuƙa tun safe suna tsaga citta kafin a shanya. Ciwon baya ya sa wata abokiyar aikinta ta ba ta tiramol, har ta kai ba ta iya ɗaga wuƙa sai ta haɗiya. Amma tun kafin tiramol tana jin muryoyi, tun bayan haihuwar 'yarta, suna ce mata ita ba uwar kirki ba ce. In ta sha ƙwaya ta ɗora burkutu, sai su yi shiru na ɗan lokaci. Da mijinta ya rasu, danginsa suka ɗauke yarinyar suka kai Godogodo. Surukinta ya ce zai zo duba ta kafin Kirsimeti, in hankalinta ya dawo, yarinya za ta dawo.

Wadda ta kawo mana ita uwar zumuntar mata ce ta cocinmu. Dattijuwar kirki ce, ita ta koya mini karatun Littafi ina ƙarama, ita ta ɗaura mini ɗankwali ranar aurena. Mama nake ce mata.

Mun sha wahala, Allah ya sani. Makonnin farko na rage tiramol, matar nan ta yi amai, ta yi zufa, ta yi rawar jiki, ta zage ni har da iyayena. Na share amai na ce na ji. Likita ya rubuta mata maganin muryoyi, ƙwaya ɗaya kullum da yamma. Ni nake ƙirga mata a 'yar farar leda ta asibiti, in zana rana tana faɗuwa a jiki da jan biro, don ba ta karatu. Duk ranar zuwanta tambayarta ɗaya ce.

"Sista, yarinya na zai dawo?"

"In kin riƙe wannan ledar, za ta dawo," nake ce mata.

Ta riƙe kuwa. Wata huɗu ba tiramol, ba burkutu, ba muryoyi. Ta yi ƙiba, ta koma yankan citta, har ta kawo mini ɗanya cike da mudu. Na fara ɗaga kai a ofis, ina gaya wa masu cewa 'yan ƙwaya ba sa gyaruwa su zo su gani.

Sai Mama ta shirya mata godiya a coci. A wurinmu, in mutum ya rabu da wani mugun abu, yakan kawo kayan abin gaban jama'a a ƙona, laya ce ko ƙwaryar burkutu ko ƙwayoyi. Aka gayyace ni, na sa anko na tafi da murnata. Bayan sujada muka fita fili, rana tsaka, mata suna buga tulu da caki, aka hura wuta da ƙiraren mangwaro. Matar ta ba da shaida tana kuka. Ta juye jakarta a kan tire, tsofaffin katunan tiramol suka zubo. Sai ga farar ledata a cikinsu, da jan zanena.

Mama ta ɗaga ledar sama ta ce, "Wanda Ubangiji ya warkar, me zai yi da wannan? Yau duka za su tafi!" Mata suka ɗauki guɗa. Ta damƙa wa matar a hannu. Matar ba ta jefa nan take ba, ta juyo ta dube ni.

Ni kuwa na dubi Mama, na dubi fasto, na dubi mata wajen ɗari cikin zane iri ɗaya da nawa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban wadda ta rene ni in ce Ubangiji bai gama aiki ba? Na ce a raina, ba komai, gobe sai in ƙirga mata wasu. Na sunkuyar da kai. Da na ɗago, leda tana narkewa, kuma hannuwana suna tafi tare da na kowa.

Kashegari na hau keke na je gidanta da sabuwar leda. Ta ƙi karɓa.

"Sista, na riga na faɗa a gaban Allah da mutane cewa na warke. In na sha, na mai da shi maƙaryaci."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo misalin masu hawan jini da ke cikin mawaƙan coci suna shan maganinsu. Ina! Na je wurin Mama, ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yata, boko ya rage miki bangaskiya." Na dawo gida ina huci, na fasa kofi a wurin wanke-wanke. Haba, wata huɗu na aiki, a ƙone shi cikin minti ɗaya ana guɗa!

Ba a yi mako shida ba muryoyin suka dawo. Da suka dawo, ba ta zo wurina ba, kunya ta hana ta. Ta koma wurin abin da ta san yana sa su shiru. Ranar da surukinta ya zo daga Godogodo, da yarinyar ya zo, an yi mata sabon kitso, kayanta a ɗaure a bayan babur. Suka same ta a tsakar gida tana faɗa da mutanen da ba kowa ke gani ba. Ko sauke kayan bai yi ba.

Mama ce ta sake kawo ta asibiti, ba ta iya haɗa ido da ni ba, ni ma ban nemi ta haɗa ba. Muka koma farko, amai da zufa da zagi. Da ta fara dawowa hayyacinta, wata safiya ina ƙirga mata magani ina zana rana da jan biro, na kasa riƙe bakina.

"Ke ma dai! Me ya sa kika jefa? Ba na gaya miki ki riƙe ba?"

Ba ta yi mini tambayar da ta saba game da 'yarta ba, tun daga lokacin ba ta sake yi ba.

"Ai na dube ki, Sista," ta ce. "Na ga kina tafi."