Ranar da Dizil Ya Yi Barci a Sakaka

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Misfala a Makka, ni da yayana da Hajiyarmu, a tsohuwar motarsa mai shan dizil. Ƙanwarmu ce ta haihu a Turaif, can arewa kusa da iyaka. Jikar Hajiya ta fari ke nan, Hajiyar kuma ta ce ko da rarrafe sai an yi sunan a gabanta.

Yayana bai yarda da gidajen man hanya ba, wai suna surka ruwa. Saboda haka a Ka'akiyya, tun ba mu bar Makka ba, ya cika tanki, ya ƙara jarkoki. Muka wuce Madina, muka ci shinkafar Buhari da kaza, arha fiye da ta bakin Harami. Daga nan gari ya fara sanyi. Mu 'yan Makka da sanyinmu na na'ura ne, sai ga mu muna sayen bargo a bakin titi.

A garin Sakaka muka kwana, bayan yayana ya juye jarkokin a tanki. Da safe, ana gobe suna, mota ta yi tari ta mutu. Ya zuƙo man a kwalba, sai ga shi ya yi gajimare kamar man gyaɗan da ya kwana a firji.

"Ya Hajiya, dizil ya yi barci," in ji shi.

"To tashe shi mana! Ni jikata ba za ta jira ba."

Ta faɗa da dariya, amma na ga idonta ya ciko, ni ma hankalina ya tashi. Muka tura motar cikin rana don man ya narke, muka zauna shan shayi mai na'ana'a. Direbobin manyan motoci suka ba mu shawara mu riƙa shan mai a gidan da ake yawan ciniki a ƙasar sanyin, mu zuba maganin hana daskarewa tun kafin mai ya yi sanyi. Kusan azahar mota ta tashi, aka canja matatar mai, muka kama hanya.

Mun isa gab da faɗuwar rana. Washegari Hajiya ta rungumi jaririya, aka raɗa wa jaririyar sunan Hajiya. Hajiya sai hawaye.

Yanzu mun dawo Misfala lafiya, muna gumi muna godiya. Na koyi cewa man da ya saba da zafin Makka ba ya aiki a ko'ina. Hajiya kuwa har ta fara tambayar yaushe za a yi yaye.