Ranar da Alisabatu Ta Ƙi Sauya Kiɗa

Har yau akwai masu cewa Alisabatu matar Job kafinta ta ɓata mana bikin godiya na 1992. Ni Beatrice ina wurin, a bayanta nake zaune da caki a hannu, kuma ban taɓa ganin bikin da ya kai shi ba. Wanda ya ji haushi ya zo unguwar Majidaɗi ya same ni.

Alisabatu Bajukuna ce, daga wani ƙauye a gefen Wukari. Aure ya kawo ta Jalingo tun garin bai san kansa ba. Kifi banda take sayarwa a kasuwa, kuma ba ta iya lallashin mai saye ba. Ka taya mata kifi a wulaƙance, sai ta ja tirenta ta kalli gefe. Ran Lahadi kuwa ita ke buga babban tulu a Zumuntar Mata ta cocinmu, tulun ƙasa da ake dukan bakinsa da ɗan matashin fata. In ya yi gum, har a ƙirji kake jin sa.

Ba ta yi boko ba. A duk wa'azin da ta ji a rayuwarta abu ɗaya ta riƙe gam: alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim tun zamanin da, cewa ta zuriyarsa kowace al'umma ta duniya za ta sami albarka. "Kowace ya ce," in ji ta, "bai ce ban da su wane ba." Mun sha wannan magana har ta ishe mu, muka laƙaba mata Maman Al'ummai, ita kuwa ta amsa da murna.

A bikin godiya na kaka muna da al'ada. Dattijo ya tsaya a gaba yana kiran ƙabila-ƙabila, kowace ta taru a bakin ƙofa da amfanin gonarta, ta shigo da waƙar yarenta tana rawa har gaban bagadi. Tulu ke ba da taku, kuma ba ƙafar da za ta motsa sai ya ba da nata. Da aka yi jihar Taraba ma'aikata suka cika garin, Alisabatu ta riƙa bin matansu gida-gida, unguwar Barade, unguwar Yelwa, ta sa su waƙa tana buga cinyarta har hannunta ya kama. Ko Ibo ɗaya ne a coci, sai ya yi rawar garinsu.

Sai faɗan Jukun da Tibi ya tashi a ƙasar Wukari. Aka kashe ƙanenta Tobiya a hanyar gona, aka kawo mata 'ya'yansa da kayan jikinsu kawai. 'Yan Tibin cocinmu suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya, har saura Roseline, gwauruwa mai shara a sakatariya. Ita ma ta koma zama a bencin baya, ana yin addu'ar ƙarshe ta sulale.

Ana gobe biki, Baba Zacchaeus, dattijon da ke kira, ya same mu wurin koyon waƙa.

"Mama, gobe ba za mu kira Tibi ba, saboda zaman lafiya. Ke ma kin san abin da ya same ki."

Ya ɗauka daɗi za ta ji. Ta dube shi ta ce, "Na ji, Baba." Ni da na san ta, na san ji ɗin bai wuce kunne ba.

A tsarinmu daga Mumuye sai Tibi, sannan Jukun. Mu Mumuye muka shiga da doyarmu, muka cika gaban bagadi kamar yadda muka saba, na dawo na ɗauki cakina. Baba Zacchaeus ya gyara murya ya ce, "Jukun!" Suka jeru a ƙofa da shinkafa da kifi. Tulu ya tashi, amma da takun Tibi.

Na gaba ya ɗaga ƙafa ya mayar. Baba ya sake kira da ƙarfi. Tulu bai sauya ba. Baba ya tako har inda muke, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Mama, ki canza kiɗa!"

"Baba, an tsallake mutum."

"Kwamiti ya riga ya yanke."

"Kwamiti ne ya yi wa Ibrahim alkawari?"

Daga layin Jukun, Mary 'yar ƙauyensu ta ɗaga murya. "Alisabatu, kin manta Tobiya?"

"Ni ke ci da marayunsa, Mary, kada ki koya mini Tobiya! Roseline ce ta kashe shi?"

Duk wannan hannunta bai tsaya ba. Pasto ya duƙar da kai yana duban takalminsa. Na sa caki na bi ta, wasu mata biyu suka bi ni, sauran suka naɗe hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai a wurin nan, don na ga manya masu wa'azin ƙauna sun gwammace a watse ba a gama biki ba da a kira mace ɗaya.

Can Roseline ta miƙe. Ashe ta san ba za a kira ta ba, duk da haka ta zo da doya ɗaya naɗe a ɗankwali a ƙarƙashin benci. Ta ɗora ta a kai, layin Jukun ya dare mata ba don yana so ba, ta taho ita kaɗai tana lanƙwasa a hankali irin rawar Tibi, tana rera waƙarsu, hawaye na zuba. Cocin nan bai taɓa yi mini tsawo haka ba. Sai da ta ajiye doyarta kusa da tamu, sannan Alisabatu ta juya hannu zuwa kiɗan Jukun, waƙar ƙauyensu, ta buga shi tana kuka har aka gama.

Ranar dattawa suka sa ta a horo don ta yi musu tsaurin ido. Aka karɓe tulu, aka ce ta koma bencin baya. Ta ce, "Madalla, dama Roseline ba ta da abokin zama." Ba ta roƙi kowa ba, kuma tulun bai sake dawowa hannunta ba.

Kayan godiya gwauraye da marayu ake raba wa. An rabe komai tas, doyar nan tana nan ba mai taɓa ta. Alisabatu ta ce marayun Tobiya ma suna da rabo, ta ɗora ta a ka ta yi gida. Na bi ta, ni na riƙe mata taɓarya ta biyu muka daka sakwara. Yara sun kewaye kwano, sai Cynthia, babbar 'yar Tobiya, ta tambaya ko doyar matar nan ce.

"Tata ce."

Cynthia ta janye hannu. Alisabatu ta gutsura ta kai baki, ta tura mata kwanon.

"Ci, 'yata. An sa mata albarka a gaban Allah, kuma har da ke a ciki."

Yarinyar ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta sa hannu.