Bakaniken da Ya Raka Gawar da Bai Sani Ba

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Yalwawa a Dutse da sassafe ya san inda Malam Ashafa yake zama. Da ya fito daga masallaci sai ya hau tsohon babur ɗinsa zuwa gareji, ya share gindin dalbejiya, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa a kai daga ƙarama zuwa babba. Sannan ya zauna ya sha kokonsa a tsanake. Ko motar wa aka jawo, sai ta jira kokon nan ya ƙare. Masu gaggawa sun yi mita har sun gaji, furfura ta cinye masa gemu, halin yana nan.

Aikinsa injin gas ne: a-kori-kura, tarakta, da tsofaffin motocin da ke kwasar hatsi ranar kasuwar Shuwarin. Yana da wata al'ada da direbobi ke tsokanarsa da ita. Idan mota ta mutu aka kira shi, kafin ya ɗaga bonet sai ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya tsare direba da tambaya. Ta yi tari kafin ta mutu, ko ɗif ta ɗauke? Wane irin hayaƙi ta yi? A ina aka sha mai? Shi ya sa suka raɗa masa Alƙalin Gas. Shi kuwa cewa yake yi, motar gas in ta mutu, mai murɗa makulli ba ji ba gani shi ke ƙarasa ta.

Bana gwiwa ta hana shi kwanciya a ƙarƙashin mota, ya bar garejin a hannun waɗanda ya koyar. Labaransa suna da yawa a bakin direbobi, amma wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na Malam Fa'izu, malamin Islamiyya a Limawa.

A wata bazara ce mahaifin Malam Fa'izu ya rasu a asibiti a Dutse da hantsi. Tsohon ya bar wasiyya a kai shi ƙauyensu, can bayan Kiyawa, a rufe shi kusa da iyayensa. Aka yi waya gida, aka sa jana'iza bayan la'asar, samari suka shiga haƙa. Maƙwabci ya ba da aron a-kori-kurarsa da direbanta, Tasi'u. Man motar ya yi ƙasa, sai Malam Fa'izu ya suri wata jarka a tsakar makaranta, ya garzaya ya sayo gas ya juye a tanki da hannunsa, idonsa na zubar da hawaye. Aka kwantar da gawa a baya, shi da ƙanin marigayin, Baffa Bunu, suka zauna a gefenta.

Sun wuce Shuwarin da kaɗan motar ta fara fizga, ta yi farin hayaƙi, ta mutu. Tasi'u ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, kik mai tayar da inji na kuka, inji ya ƙi ɗauka. Masu wucewa suka taimaka aka tura, shiru. Motocin da suka tsaya duk a cike suke da fasinja. Rana ta take tsaka, babu inuwa, ga mamaci a cikin likkafani a kan ƙarfe mai zafi. Malam Fa'izu ya cire babbar rigarsa ya yi wa mahaifinsa rumfa da ita, tsoro ya cika shi kada zafin nan ya taɓa jikin tsohon kafin a kai shi makwancinsa. A nan ne Tasi'u ya kira Malam Ashafa.

Malam Ashafa bai tambayi ko motar wa ce ba. Da ya ji an ce gawa, sai ya ɗaura galan ɗin gas mai kyau da tiyo a bayan babur, ya kamo hanya. Yana isowa ya yi ta'aziyya, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya miƙa wa Tasi'u hannu.

"Kawo makullin nan. Sauran numfashin batir ɗin ina da aiki da shi."

Baffa Bunu, wanda dama ba shi da dogon haƙuri, ya ce, "Malam, gyara muka kira ka, ba shari'a ba."

"Gyaran ke nan na fara, Alhaji. Tasi'u, fizga ta yi kafin ta mutu?"

"Ta yi, Baba."

"Man da ke ciki fa, daga famfon gidan mai ya shiga, ko daga jarka?"

Tasi'u ya saci kallon Malam Fa'izu. Malam Ashafa ya bi idonsa, ya hangi jarkar a kusurwar mota, ya ɗauko ya jijjiga, ya ɗiga abin da ya rage a tafin hannu. Ruwa ne ya dunƙule a ƙarƙashin man. A lokacin Malam Fa'izu ya tuna cewa jarkar alwalar ɗalibai ce, kuma bai zazzage ta ba. Shi da kansa ya tsayar da mahaifinsa a rana.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji Baffa Bunu.

Malam Ashafa ya ajiye jarkar a gefen titi ya ce, "Ruwa dai ya shiga, Alhaji, kuma yanzu zai fita. Ku riƙe wa mamaci inuwa."

Ya kwance gindin filta mai tace mai, ruwa ya tsiyaye a ƙasa. Wanke tanki aikin yini ne, saboda haka ya kwanta a kan kwalta mai ƙuna, ya cire tiyon mai daga tankin, ya haɗa da nasa, ya zuro su ta gefe ya tsoma a galan ɗin da ya zo da shi. Ya sa Tasi'u ya yi ta danna famfon hannu da ke kan filta, shi kuma ya sassauta bututan nozul masu kai mai cikin inji don iska da sauran ruwa su fita. Sai da kumfa ta daina fitowa, tsantsar gas ya biyo baya, sannan ya zaro makulli daga aljihu.

"Da bismilla. Kar ka daɗe a kai."

Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya ɗaure bututan, ya ce a ƙara. Ta girgiza, ta tofar da hayaƙi, ta ɗauka.

Saura galan, wanda in aka bar shi zai kife a ramin farko. Malam Ashafa ya ba wani mai faci ajiyar babur ɗinsa, ya haye bayan motar, ya zauna daga wajen ƙafafun mamacin ya rungume galan a cinya. Haka ya riƙe shi har ƙauyen, gas na fantsamar masa a riga. Suka shiga gari ana kiran la'asar. Ya goge hannu da ƙasa, ya yi alwala, ya shiga sahu, aka sallaci mutumin da bai taɓa gani ba a raye, har ya sa kafaɗa a makara.

Da aka watse Malam Fa'izu ya ja shi gefe, ya ce, "Baba, jarkar nan ni ne..."

"Na sani, Malam. Wanda ubansa ya rasu da safe ba ya leƙa gindin jarka. Ka kawo shi gida, shi ke nan."

Malam Ashafa, kai ne ka san cewa a gefen motar da ta mutu akwai mutum a tsaye, kuma shi ma yana bukatar a lallaɓa shi. Ka gyara inji, ka rufa wa maraya asiri a gaban baffansa. Mun gode, Alƙalin Gas. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma matasan da ke riƙe da sifana yau, a Yalwawa da sauran garejojin Jigawa, ku je ku zauna da shi tun yana nan. Ku koyi tambaya kafin kwancewa, ku koyi kame baki bayan kun gano mai laifi. Malam Fa'izu ya ce har yau, duk lokacin da ya ɗaga hannu zai yi wa mahaifinsa addu'a, sunan Malam Ashafa ne yake biyo baya.