Banɗakin Hajiya Ya Kalli Gabas

Duk wanda ya ji labarin banɗakin kakata a Kwarbai abu biyu yake faɗa, kuma duka biyun ba haka ba ne. Na farko, wai ɗan kwangila ne kaɗai ya cuce mu. Na biyu, wai ni yarinya ce mai albarka, na tsaya kai da fata sai da aka yi wa tsohuwa banɗakin zamani. Har wata gwaggona ta ce a gaban mutane Allah ya ba ta jika irina. Na ce amin don ba yadda zan yi, amma ji na yi kamar ta watsa mini ruwan zafi.

Hajiya ita ta haifi Baba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala, masan da take shiga kuwa na tsuguno ne, wanda kakanmu ya haƙa a lungun bayan ɗakinta tun ba a haifi Baba ba. Ranar da na ji tana ƙwala mini kira daga ciki, na je na tarar ta dafa bango ta kasa miƙewa, ranar na ce ya isa. Na kira yayyena da ke aiki a wasu garuruwa, na yi musu tas, suka turo abin da za su turo. Ni ce a gida ina ɗinkina tun da na gama sakandare, don haka tsaron aikin ya faɗo kaina.

A cikin birni ba ka ɗauko bare ka ba shi aiki alhali akwai ɗan dangi mai wannan sana'a. In ka yi, sai an shekara ana maganar a wajen suna da biki. Namu ɗan dangin jikan ƙanwar Hajiya ne. 'Yan unguwa suna ce masa Injiniya, ni ina ce masa Yaya, Hajiya kuma tana tsokanarsa da mai gidana, kamar yadda take yi wa duk jikokinta maza.

Ranar farko ya zo da leburori, suka rushe tsohon masan, suka ce a nan za a yi sokawe, wato ramin da ƙazanta za ta riƙa gangarawa. Na ce, "Yaya, kafin a gama sabon fa, ina za ta riƙa shiga?"

Ya ce, "Haba ƙanwata, aikin sati ne wannan. Kafin ki gama ɗinkin da ke gabanki mun gama."

Na gama wannan ɗinkin, na gama na bayansa, na yi wa wata amarya kayan fitar biki gaba ɗaya.

Akwai wani banɗakin a gidan, a sashen Baba. Amma Baba ɗan fari ne, ko sunansa Hajiya ba ta faɗa, balle ta ratsa gaban surukarta da buta ta shiga makewayinsu. Ba wanda ma ya yi gigin ce mata ta yi. Sai ta koma zuwa gidan ƙawarta, wata tsohuwa da muke ce wa Inna, a tsallaken lungunmu. Za ta sa mayafi, ta ɓoye butarta a ciki, ta ɗauki sanda, ta ce, "Bari in leƙa ƙawata." Kowa ya san inda za ta, kowa ya kau da kai.

Shi kuwa Yaya sai ya zo yau, a neme shi a rasa har sati ya zagayo. In na kira, ko dai wayar a kashe, ko ya ce yana wani aiki a Kongo, gobe in sha Allahu da sassafe. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka yashi a baro ake turo shi, suka jibge mana a bakin zaure, akuyoyin unguwa suka mai da shi wurin kwana. Duk sanda ya ga dama ya zo, sai a yi sallama, mata su ja mayafi su shige ɗaki, girki ya tsaya, leburori su yi ɗan buge-buge su ce siminti ya ƙare. Tayil ɗin da ya fara kawowa mai sheƙi ne kamar faranti. Na ce tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta taka wannan da ruwa? Ya ce shi ake yayi. Na ce ya je ya yi yayinsa a gidansa. Da aka yi daɓe kuma, ruwa maimakon ya bi rariya sai ya nufo ƙofa, sai da aka fasa aka sake. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Baba ya kira ni ya ce in riƙa tauna magana, yayana ne. Na ce to, na fita na ci gaba.

Ina ba da wannan duka ne don a san halin da nake ciki ranar da aka kawo tangaran ɗin, wato masan zama. Na gaji. So nake kawai in ga bayansu.

Da hantsi ne. Mai aikin famfo ya ajiye shi a jikin bangon yamma, inda bututu ya fito. Yaya ya ce, "Ƙanwata, a nan ko? Nan ne ya fi kusa da sokawe. In kin ce wani wuri, sai mun sake fasa daɓe."

Kalmar fasawa kaɗai na ji. Na ce, "Ku kafa shi."

Sai ga Hajiya ta dogaro sanda ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi tangaran ɗin, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta sake dubansa. Ta ce, "Mai gidana, wannan in mutum ya zauna, ina zai..."

Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki je ki zauna. Ƙura za ta tayar miki da tari. Ki bar mu mu gama."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Amarya, ki je kawai, sai kin ga ɗakinki."

Ta ce, "To, Takwara." Ta juya.

Aka gama. Mata suka yi ta shigowa kallo, ana murɗa famfo, ana sa albarka. Hajiya ta yi wa kowa godiya, ta yi wa yayyena addu'a a waya ɗaya bayan ɗaya. Kullum ina ganin daɓen a jiƙe, don a ciki take wanka da alwala, sai hankalina ya kwanta. Leƙa ƙawarta kuwa ba ta daina ba. Na ɗauka sabo ne.

Abin da na lura da shi, amma ban tsaya na yi tunani a kai ba, shi ne ruwa. Hajiya mai son kunun tsamiya ce da safe, da fura da rana. Sai ta fara mayar da kofi da saura. Daga azumin Litinin da Alhamis ta ƙara wasu ranakun. In na kai mata ruwa sai ta kurɓa ta ajiye. Leɓɓanta suka bushe, ta rage magana. Mutanen gida suka ce tsohuwa ta ƙara ibada, Allah ya sa mu yi koyi. Ni ma na ce amin.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwan sama, ina kan keken ɗinki, sai na ji sallamar Inna da ƙarfi. Na fito na gan ta riƙe da Hajiya, zanen Hajiya duk caɓi, gwiwar hannunta ta goge tana jini. Santsi ne ya kwashe ta a bakin kwata. Butar tana hannun Inna.

Muka shigar da ita, na wanke mata ciwon. Tana ta cewa ba komai, sandar ce ta zame. Da na rako Inna zaure sai ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Ke, kullum aka taɓa ki sai baki. Ido fa, ba ki da shi?"

Na ce, "Inna, me na yi?"

"Je ki zauna a kan abin nan da kuka kafa mata. Ki zauna, ki ga inda fuskarki take kallo."

Na je na zauna a kan murfin. Ƙofa a buɗe take, daga nan ina hango cikin ɗakin Hajiya, ina hango dardumarta a shimfiɗe inda take kullum. Ni da dardumar wuri ɗaya muke kallo. Gabas sak.

Na daɗe a zaune a wurin. Tambayar da Hajiya ta fara yi ranar nan ke nan, ban bari ta kai ƙarshe ba.

Baba malami ne, a zaure yake ba da karatu. Da na gaya masa sai ya shigo da kansa, abin da bai cika yi ba, ya tsuguna daga bakin ƙofar Hajiya. Ya ce, "Hajiya, ai malamai sun yi bayani. Hanin fuskantar alƙibla a fili ne. In a cikin gini ne, akwai bango tsakani, an yi rangwame."

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Takwara, gaya wa wannan na san da haka. Ni na riƙa kai masa abinci makaranta lokacin da ake koya masa." Ta gyara zama. "Ban ce haramun ba ne. Na gwada, na ma gwada zama a karkace, bango ya tokare mini gwiwa. Tun ina yarinya nan nake juyawa in roƙi Allah. Jikina ne ya ƙi. Kakanki da zai haƙa wancan, sai da ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya juya shi kudu."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa, Hajiya? Kina ta ƙin shan ruwa kamar raƙumi!"

Baba ya ce, "Ke!"

Ita kuwa dariya ta yi, ta ce, "A bar ta, halina ne ta ɗauko, na lokacin da nake da ƙarfi." Sannan ta ce, "Na ga yadda kika sha wahala da mai gidan nan nawa. Muryarki har ta tafi. Ga mutane suna ta sa miki albarka. In buɗe baki in ce a fasa?"

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kira Yaya, aka yi sa'a ya ɗauka. Na gaya masa. Ya ce, "Ai na tambaye ki, kika ce a kafa."

Na ce, "Na sani. Kai da kake sallah a sahun gaba, ba ka san gabas ba?"

"Ni bututu nake bi, ƙanwata, ba liman ba ne ni. Gidaje nawa na yi wa haka, ba wanda ya ce uffan." Ya ce in za a juya tangaran ɗin sai an fasa rabin daɓe, irin tayil ɗin nan kuma ba lalle a same shi a kasuwa ba, ga shi ya karɓi wani aiki a Wusasa. In bari bayan damina.

Bayan damina. Lungun nan kullum a jiƙe, ita kuma tana auna ruwan da za ta sha.

Ban yi masa ihu ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Na ce ya gaida gida, na kashe wayar.

Ga abin da na yanke. Gobe zan sa mayafi in je gidan mahaifiyarsa da ƙafata, in durƙusa in gaishe ta, in gaya mata zan kawo wani ya fasa aikin ɗanta, don kada ta ji a bakin mata. In za a yi shekara ana maganata a wajen biki, a yi. Tayil in bai zo iri ɗaya ba, a sa kowane iri, ko siminti zalla ne, in dai ba ya santsi. Kafin a gama, duk sanda Hajiya za ta leƙa ƙawarta ni zan riƙe mata hannu da butar, kuma sai ta shanye kununta a gabana. Ranar da za a sake kafa tangaran ɗin kuwa, kujera zan ajiye mata a bakin ƙofa, ƙura ko ba ƙura, ta ja layi da sandarta inda take so. Ni kuma zan tsaya a bayanta in rufe bakina har ta gama magana.