Langa Uku da Dabinon Kaka

Jiya matata ta rufe langa da ƙarfi, murfin ya yi wata irin ƙara, sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar Jadid a garin Sabha, can ƙasar Larabawa, ina ɗan shekara goma sha uku, ina kuka da majina. Kada ka yi dariya tukuna, ka bari ka ji dalili.

Shekarun nan ne da rediyo ba ya tashi ba ya kwanciya sai da maganar haɗin kan Afirka. Ƙofar Sabha a buɗe take, manyan motoci na shigowa daga Agadas da mutane a kansu har ba ka ganin motar, sai ƙafafu suna reto. Babanmu magini ne, shugul, wato aiki, bai yanke masa ba, shi ya sa ya kwaso mu duka har da mahaifiyarsa, ya sa ni makarantar Larabawa.

Komai na iya in ban da lissafin baka, wato wanda ake rufe lambobi a cikin baka biyu. Ustaz zai rubuta uku a waje, ya buɗe baka, ya sa harafin sin da huɗu a ciki, ya ce a warware. Ni kuwa kullum sai in ba sin ukunsa, in bar huɗu yadda na same shi. Jan biron da ustaz ya ƙarar a littafina ya isa a yi wa gidanmu fenti ciki da waje. Ranar da Baba ya ga takardata bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in na sake faɗuwa a jarrabawar bayan Salla, na gama boko, zan bi shi ɗaukar bulo. Na san nauyin bulon nan, na kuma san ranar yankin namu na Fezzan, wadda in ka ajiye ɗanyen ƙwai a aljihu za ka ciro shi dafaffe.

Azumi ne, bayan la'asar. Kaka na zaune a tabarma tana shirya abincin buɗa-baki da muke kai wa gwaurayen 'yan ci-rani na layinmu, ɗaki uku, tire uku. Ƙamshin kunun tsamiya ya cika gidan, ga dabinon garin Samnu a kwando yana ƙyalli. Ta dube ni ta ce wane irin miji ne wannan mai kuka da rana tsaka, ita kam ta kusa ta sake ni. Cikin shessheƙa na yi mata bayani, ina ganin ɓata bakina nake yi, don matar nan ko alif ba ta taɓa rubutawa ba. Ta tambaye ni mene ne sin. Na ce abu ne da ba a san ko nawa ne ba.

"To, langa ce a rufe ke nan," in ji ta. "Matso, maigida."

Ta ɗora langa ɗaya da dabino huɗu a kan tire, ta ce wannan shi ne cikin bakan nawa. Ɗaki nawa za a kai wa? Na ce uku. Ta ce in shirya yadda nake yi wa ustaz. Na jera langa uku, kowane tire ɗaya, na ajiye dabino huɗu a tiren farko kawai, na koma gefe.

"Kai, mijin banza. Ɗaki biyu su sha ruwa da me? So kake a ce gidanmu an fara rowa?"

Na cika sauran tiren da hannuna. Langa uku, dabino goma sha biyu. Abin da ustaz ya shekara yana fasa allo a kansa, ga shi zaune a kan tabarma yana kallona. Da rawar jiki na ce duka sha biyar ke nan, ta ɗaga ludayi, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya tauna langa ba, a ƙirga langa da langa, dabino da dabino. Sannan ta janye tire ɗaya, ta ce a ce mutanen ɗakin ƙarshe sun wuce Tarabulus, me ya ragu? Na ga da idona cewa in aka ɗebe tire, da langarsa da dabinonsa yake tafiya, ba ya barin komai a baya.

Ranar jarrabawa yara na ta gumi, ni ina ta rabon abinci a zuci. Na ci, ci kuwa mai kyau, har ustaz ya sa aka caje aljihuna. Baba ya duba takardar ya daɗe, washegari ya fita aiki da asuba bai tashe ni ba.

Yanzu 'yata waya take haska wa lissafi, amsa ta fito kafin ta gama hamma, kuma daidai take fitowa, ban musa ba. Ni dai da na kai wa Kaka albishir, na ce mata ita ce babbar malamar lissafi daga nan har bakin teku, tsaki ta yi. Ta ce ita ba ta koya mini wani lissafi ba, hana ni kunyata gida ta yi.